Kundin Rubuta "Lafiya Lau": Yadda Aikin Yake Tafiya

9 ga Janairu, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa ajiye dalilin kowace shawara da na yanke a kan littafin, saboda na lura cewa abin da ban rubuta dalilinsa ba, bayan mako biyu nakan dawo in warware shi. Labarin na ban tsoro ne, amma akwai dariya a cikinsa, irin dariyar da take kuɓuce wa mutum sannan ya ji kunyar ya yi ta.

Wata mata ce, kwana tara da haihuwarta ta fari, ta farka da asuba ta dubi wanda ke kwance kusa da ita, sai ta tabbata a ranta cewa ba mijinta ba ne. Fuskar tasa ce, muryar tasa ce, har tabon da ke bayan hannunsa yana nan, amma ita ta san an musanya shi. Abin da ya sa na ga labarin ya cancanci a rubuta shi shi ne, wannan baƙon da take zargi ya fi mijin nata kirki. Yana tashi cikin dare idan jariri ya yi kuka, yana tambayarta ko ta yi barci, yana jira ta gama magana kafin ya amsa. Hujjarta ke nan a kansa, domin wanda ta aura shekara huɗu da suka wuce bai taɓa yin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Na sa wa littafin suna "Lafiya Lau", saboda ita ce amsar da kowa a gidan yake bayarwa daga shafin farko har kusan na ƙarshe, ko me ke faruwa a bayan ƙofa. Na kuma yanke cewa ba wanda zai sami suna. Akwai matar, akwai maigidan, akwai surukar, akwai yayar miji, sai jariri. A labarin da tambayarsa ita ce wane ne wane, suna zai zama hujjar da ba na so in miƙa wa mai karatu.

27 ga Janairu, 2024

Makonni biyu ban ƙara ko layi ɗaya ba, karatu nake yi, kuma karatun ya rushe babi na farko gaba ɗaya.

Abin da ke damun matar yana da suna a wurin likitocin ƙwaƙwalwa. A shekarar 1923 wani likita Bafaranshe mai suna Joseph Capgras, tare da abokin aikinsa Jean Reboul-Lachaux, sun bayyana halin wata mata a Paris wadda ta haƙiƙance cewa an musanya mijinta da wasu masu kama da shi, ba sau ɗaya ba, kuma daga baya aka riƙa kiran wannan ruɗani da sunan Capgras. Bayanin da ya fi yi mini amfani shi ne wanda Hadyn Ellis da Andrew Young suka kawo a 1990. A ganinsu gane fuska hanya biyu yake bi a ƙwaƙwalwa: ɗaya tana faɗa maka wane ne wannan, ɗayar kuma tana kawo ɗan motsin zuciyar da kake ji idan ka ga naka. A wurin mai wannan ruɗani hanya ta farko tana aiki, ta biyun ce ta yanke, sai ido ya ce shi ne, zuciya kuwa ta yi tsit kamar ta ga baƙo a tasha. Gwajin da aka yi a 1997, wanda yake auna ɗan gumin fata idan aka nuna wa mutum hotuna, ya nuna cewa jikin masu wannan ruɗani ba ya bambanta fuskar da suka sani da wadda ba su sani ba.

A rubutuna na farko na sa matar tana ganin abubuwan ban tsoro a fuskar mijin, idonsa yana sauya launi, inuwarsa tana motsi ita kaɗai. Duk na goge su. Yanzu ba ta ganin komai sai mijinta daidai yadda yake, kuma wannan ya fi tayar mini da tsigar jiki, domin ba ta da abin da za ta nuna wa kowa. Tana dubansa tana jiran abin da ta saba ji, ko so ne ko haushi, ba abin da ya zo. Daga wannan shirun ne hankalinta ya gina bayani, kuma idan aka bi bayanin daki-daki, ba ya rasa tsari.

18 ga Fabrairu, 2024

Babi uku sun kammala, kalmomi kusan 14,000. Surukar ta iso a babi na uku da akwatuna biyu, ta ce kwana bakwai za ta yi. Na ba ta magana mai laushi ƙwarai, ba ta taɓa ɗaga murya, kowace suka tata a cikin addu'a take naɗe ta. Ita ce ta fi sauƙin rubutawa, kuma wannan sauƙin ya sa nake sa mata ido, kada ta zama muguwar surukar da aka gaji da gani a labarai.

10 ga Maris, 2024

Wannan ita ce rana mafi nauyi tun da na fara. Na ba wata ma'aikaciyar jinya da ta daɗe tana aiki a sashen masu taɓin hankali babi biyar ta karanta. Ta dawo da su yau, ta ce ta yi dariya a wurare da yawa, sannan ta tambaye ni ko na lura da wanda ake yi wa dariyar. Muka bi shafukan tare, tana sa alama a duk inda ta yi dariya, sai muka tarar cewa a mafi yawansu matar ce abin dariyar: inda ta ɓoye wa mijin takalmi domin ta ga ko zai neme shi a inda na gaskiyar yake ajiyewa, inda ta yi masa tambayoyi kamar mai binciken ɓarawo, inda ta kwana a zaune da tocila a hannu. Ta ce da ni: "Na ga mata irin wannan da idona, kuma ba wadda ta ji daɗin daren da ta kwana a zaune." Ban sami amsa ba, domin gaskiya ta faɗa.

Ta kuma gyara mini abubuwa a kan ciwon kansa. Na riƙa haɗa abu uku da ba ɗaya ba ne. Akwai ɗan ƙuncin rai da yawan kuka da mata da yawa kan yi a kwanakin farko bayan haihuwa, wanda yakan wuce da kansa cikin mako biyu. Akwai ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda ya fi nauyi ya kuma fi daɗewa, yana kama fiye da mace ɗaya cikin goma. Sai na uku, wanda shi ne na matar labarina, wato gushewar hankali bayan haihuwa, mai kama mace ɗaya zuwa biyu cikin dubu, wanda galibi yakan fara a cikin mako biyun farko, da rashin barci, da ruɗewa, da gane-gane ko jiye-jiye, da imani da abin da ba haka yake ba. Wannan na ukun ciwon gaggawa ne da ke buƙatar asibiti nan take, kuma mafi yawan waɗanda suka sami magani suna warkewa. Ta ƙara da cewa ciwon ba ya tafiya a miƙe kamar yadda na rubuta shi, mace tana iya yin hira da kai cikin cikakken hankali da safe, da yamma ta rikice, shi ya sa iyali suke samun hanyar yaudarar kansu.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta buɗe mini littafin. Na daɗe ina neman abin tsoro a cikin kan matar, alhali yana zaune a falo. Mutum uku manya suna kallon mace tana nutsewa, kowannensu yana da dalilinsa na kada a kira abin da sunansa. Surukar tana gudun abin da za a ce a kan zuri'arta, yayar miji tana gudun kada a ce tun farko ita ta haɗa auren, maigidan kuwa yana tsoron tambayar da likita zai yi masa game da shekaru huɗun da suka wuce. Daga yau dokar aikin ita ce, dariya za ta sauka a kan masu rufa-rufa, kuma duk wurin da ta sauka a kan mai ciwo zan cire shi ko da shi ne mafi daɗin shafi a littafin. Na cire kalmomi kusan 6,000.

2 ga Afrilu, 2024

Na rubuta babin taron iyali, kuma ina jin shi ne zuciyar littafin. An zaunar da matar, surukar ta ce: "'Yata, faɗa mana abin da ke ranki, duk nan naki ne." Matar ta sunkuyar da kai ta ce: "Mama, wannan mutumin ba ɗanki ba ne." Aka tambaye ta hujja, sai ta fara lissafo su cikin ladabi: ya wanke kayan jariri da hannunsa, ya ce mata sannu, ya tuna ranar haihuwarta, ya nemi gafararta sau biyu a mako ɗaya. Ba wanda ya iya ƙaryata ta, domin kowa a ɗakin ya san halin ɗan'uwansa. Yayar ta buɗe baki za ta kare shi, sai abin da ya fito shi ne: "Gaskiya ni ma ban taɓa jin ya ce sannu ba."

Abin da ya biyo baya ban shirya shi ba, a cikin rubutu ya zo mini. Maigidan, wanda haihuwar ɗansa ta girgiza shi da gaske har ya ƙuduri gyara halinsa, ya fahimci cewa hanya ɗaya ce ta rage masa ta tabbatar wa matarsa cewa shi ne, wato ya koma yadda yake a da. Sai ya fara gwadawa. Ya dawo gida a makare ba tare da sanarwa ba, ya katse ta tana magana, ya yi kamar bai ji kukan jariri ba yana kwance idonsa biyu, zuciyarsa tana ƙuna. Uwarsa da yayarsa suka zama masu koyar da shi, suna tuna masa yadda yake tsaki a da, da irin kallon da yake yi idan ransa ya ɓaci, suna gyara masa in bai yi daidai ba. Na yi dariya ina rubuta wurin da surukar take cewa: "A'a, ba haka kake ɗaure fuska ba, sake," kuma a lokaci guda jikina ya yi sanyi, domin iyali ne suka haɗu suna horar da mutum a kan muzguna wa mara lafiya, kowannensu yana ganin taimako yake yi. Haƙorin dariya shi ke cizo, kuma a wannan babin na ga yadda yake yi.

Dole in kiyaye abu ɗaya. Idan maigidan ya zama mugu zalla, mai karatu zai huta, ya ce wannan ba ni ba ne. Ina so a ji tausayinsa a daidai lokacin da ake ƙyamar abin da yake aikatawa.

21 ga Afrilu, 2024

Aikin ya tsaya a babin dare. Na so in sa dannau a ciki, wato halin da mutum yake farkawa ya kasa motsi, yana jin kamar an hau ƙirjinsa ko wani yana tsaye a ɗakin. Dalilinsa sananne ne: a lokacin barcin mafarki jiki yakan saki tsokoki kada mutum ya aikata abin da yake mafarki, wani lokaci kuma hankali yakan riga jiki farkawa, kuma rashin isasshen barci yana ƙara yawan faruwarsa. Na fara ba matar wannan daren, sai na ga nauyin ya yi mata yawa. Na mayar da shi kan maigidan. Shi ne yanzu yake farkawa ya kasa motsi, ya ga wani mai kama da shi tsaye a bakin gado yana jijjiga jariri cikin tausayi. Shafi biyu ne kawai, amma sun ci mini kwana tara.

19 ga Mayu, 2024

Kalmomi 41,000. Surukar ta fara shakka. Tun tana horar da ɗanta, har ta wayi gari tana kallonsa ta gefen ido, domin duk yadda ya ƙoƙarta, tsakinsa ba ya fita kamar na da. A wani wuri ta shiga ɗakin matar da dare, ta zauna a bakin gado, ta ce a hankali: "'Yata, tun yaushe kika lura?" Karo na farko ke nan da suka zama abu ɗaya tun ranar auren, kuma abin da ya haɗa su ruɗani ne. Likitoci biyu na Faransa, Charles Lasègue da Jules Falret, sun bayyana irin wannan a 1877, yadda ruɗanin mutum ɗaya yake iya tsallakawa ga wanda suke zaune tare a keɓe. Ban so in mayar da surukar mara lafiya ta biyu ba. Nata shakkun ya fi kama da son rai, domin ya fi mata sauƙi ta yarda an sace mata ɗa a kan ta yarda cewa ɗan da ta rena ya wahalar da mace shekara huɗu tana gani.

A wannan watan na kuma karanta a kan aikin George Brown da abokansa a Landan, wanda suka fara a ƙarshen shekarun 1950. Sun bi marasa lafiyar da aka sallama daga asibitin ƙwaƙwalwa, suka gano cewa waɗanda suka koma gidajen da ake yawan suka, ko ƙiyayya, ko shiga sharo ba shanu a kowane motsinsu, ciwon ya fi saurin dawo musu. Abu na ukun ne ya tsaya mini a rai, domin a waje kamar ƙauna yake. Yayar miji ita ce wannan a littafin: tana bin matar har bakin banɗaki, tana amsa tambayar da aka yi mata, tana kuka a madadinta, har matar ta rasa ko kusurwa ɗaya da za ta ji ciwonta ita kaɗai. Ba ina nufin iyali ne ke haddasa ciwon ba, kuma na kula kada littafin ya faɗi haka. Ciwon ya zo ne ta hanyarsa, abin da gidan ya yi shi ne ya ba shi wurin zama na mako shida.

16 ga Yuni, 2024

Mutum biyu da suka karanta rabin littafin sun tambaye ni tambaya ɗaya: a ƙarshe za a gano cewa da gaske an musanya mijin? Na san wannan ita ce hanyar da masu son labarin tsoro suke jira, kuma na gwada ta, na rubuta shafi goma sha ɗaya inda na gaskiyar ya dawo ya ƙwanƙwasa ƙofa. Shafukan suna da ƙarfi, amma na ajiye su gefe. Idan matar ta yi gaskiya ta wannan fuska, to littafin yana gaya wa duk wanda ke da mara lafiya a gida cewa wataƙila ba asibiti take buƙata ba, kuma ba zan iya sa hannu a wannan ba. Ɗaya hanyar ma, wadda za a ɓoye ciwon har shafin ƙarshe sannan a yaye shi kamar abin mamaki, na ƙi ta, domin tana mayar da ciwon mutum dabarar marubuci. Mai karatu zai san tun babi na biyu cewa ba ta da lafiya, fargabar da zai riƙe ita ce ta yaushe wani a gidan zai buɗe baki.

Ta hannun ma'aikaciyar jinyar nan, wata baiwar Allah da ta taɓa yin wannan ciwon ta warke ta yarda ta karanta babi takwas. Ta aiko da gyara guda uku, kuma na ɗauke su duka. Mafi muhimmanci shi ne, ta ce na sa matar ta cika natsuwa, alhali abin da take tunawa shi ne gudu, tunani yana bin tunani ba tsayawa, kowane ƙaramin abu yana da ma'ana, ko ƙarar ƙofa saƙo ne. Na sake rubuta babi na shida da jimloli masu tsawo da ba sa ba mai karatu wurin numfashi. Ta kuma roƙi kada in sa matar ta cutar da jaririn domin a ƙara tsoro. Dama ban yi niyya ba, amma na ji daɗin da ta faɗa, domin hoton da labaran tsoro suka daɗe suna zanawa na mai taɓin hankali a matsayin abin gudu yana cikin abin da ke sa iyalai ɓoye nasu. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya, wato kimanin miliyan 970, yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, don haka da wuya littafin ya shiga hannun wanda abin bai taɓa gidansu ba.

14 ga Yuli, 2024

Kalmomi 58,000, saura babi ɗaya. Wanda ya karya shirun shi ne maigidan. Wata maƙwabciya ta gaishe shi a bakin ƙofa ta tambayi mai jego, ya buɗe baki zai ba da amsar da ya saba, sai kalmar ta maƙale. Ya tsaya tsawon lokaci, sannan ya ce: "Ba lafiya." Na gina littafin gaba ɗaya domin waɗannan kalmomi biyu, kuma na bar su ba tare da wani ado ba.

Babin asibiti na rubuta shi ba dariya ba tsoro, domin ina so ya zama wuri na farko a littafin da ake tambayar matar a kuma saurari amsarta. Magani ya fara aiki, ta sami barci, bayan makonni sai wata rana maigidan ya shigo ziyara, ta ɗaga kai ta ji abin nan da ya ɓace ya dawo, ta san shi ne. A nan nake tsaye yanzu. Sanin cewa shi ne yana nufin mutumin da ya tashi cikin dare saboda jariri mijinta ne, wanda ya yi makonni yana koyon muzguna mata shi ma mijinta ne, haka wanda ta zauna da shi shekara huɗu kafin duk wannan. Na rubuta ƙarshe iri biyu. A na farko ta koma gidan bisa sharaɗin surukar ta kwashe akwatunanta. A na biyu ta tambaye shi wanne daga cikin ukun zai zo ɗaukarta ranar sallama, littafin ya rufe kafin ya amsa. Zuciyata ta fi karkata ga na biyu, sai dai ina tsoron kada wayon jimlar ya fi gaskiyarta, domin macen da ta fito daga irin wannan ciwo a gajiye take, ba lallai ta tsara magana mai kaifi haka ba.

Na aika wa masu karatuna biyu dukkan ƙarshen, ban gaya musu wanda na fi so ba. Kafin amsarsu ta zo zan koma babi na uku, domin a can har yanzu akwai layuka huɗu da surukar take magana kamar muguwa, kuma surukar da ta zauna a bakin gado a babi na tara ba za ta faɗi haka ba.